JINI: ABIN DA BINCIKEN GARKI DA ZARIYA YA KOYA MANA

   Wanda ya ji wannan hira a rediyo, ga ta a rubuce. Ya karanta a hankali. In ya ci karo da kalma mai wuya, ya tambayi malaminsa.

Yau maganar jini za mu yi.

Ku tuna da ƙarshen damana. Hatsi ya nuna, sauro ya yi yawa. Yaro ya kwana uku da masassara. Ba ya cin abinci, ba ya wasa. Tafin hannunsa ya yi fari. An ɗora shi bisa amalanke, an kai shi gidan likita. Likita ya duba idonsa, ya ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara masa. Sai kowa ya duƙar da kai. Uba yana tsoro, kawu yana tsoro. Wani ya ce in ya ba da jini ba zai iya girbi ba. Ana wannan shawara, yaro yana haki.

Kowa ya san irin wannan rana. Don haka ya kamata mu san abin da ke rage jini, da yadda ake ƙara shi, da yadda za a kauce wa kaiwa ga haka. Akwai likitoci da suka ba da shekaru suna binciken wannan al'amari a ƙasar Hausa. Za mu ba ku labarin aikinsu.

MENE NE JINI?

Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa. Zuciya ce ke tura shi dare da rana, kamar injin ban ruwa a garkar albasa. In aka ɗiga jini ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, sai a ga ruwa ne da ƙwayoyi. Akwai jajayen ƙwayoyi. Su ke ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu, su kai ta ko'ina cikin jiki. Akwai fararen ƙwayoyi. Su ke faɗa da cuta. Akwai kuma wasu ƙanana da ke sa jini ya daskare in mutum ya yanke.

Cikin ɓargon ƙashi ake yin jajayen ƙwayoyi. Kowace ƙwaya tana yin kamar kwana 120, sa'an nan ta mutu, sabuwa ta maye gurbinta. Ɓargo ba ya hutawa. Amma yana bukatar kayan aiki daga abinci. Yana bukatar sinadarin ƙarfe, wanda ake samu cikin nama, da hanta, da kifi, da wake. Yana bukatar wani sinadari da likitoci ke kira folik asid, wanda ake samu cikin ganyaye kamar zogale, da rama, da alayyaho.

Mutanen Keita sun san madatsar ruwa, tun aikin da aka soma a yankin a shekara ta 1984. Ruwan madatsa yana raguwa ta hanya uku: ko ginin ya fashe ruwa ya zube, ko rana ta ƙafar da shi, ko korama ba ta kawo isasshe ba. Haka jini yake. Ko ya zube, kamar wajen haihuwa, ko haɗarin mota, ko tsargiya, ko tsutsar ciki. Ko ya lalace cikin jiki, kamar yadda masassarar cizon sauro ke farfasa jajayen ƙwayoyi. Ko kuma ɓargo ya rasa kayan aiki, don abinci bai isa ba.

Ga yadda ake gane ƙarancin jini. A jawo fatar ido ta ƙasa a duba cikinta. A duba harshe, da farce, da tafin hannu. In sun yi fari maimakon ja, jini ya ragu. Mai wannan hali yana saurin gajiya. Yana jin jiri. Yana haki ko da ƴar tafiya ya yi. Wani lokaci ƙafafu su kumbura.

JINI IRI-IRI NE

A da can, likitocin Turai sun gwada ƙara wa mutane jini. Wani ya warke, wani ya mutu nan take. Ba wanda ya san dalili. Sai a shekara ta 1901 wani likita na ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya bayyana dalilin. Ya haɗa jinin mutane dabam-dabam, ya ga wani jini yana zama lafiya da wani, wani kuwa in an haɗa sai ya dunƙule. Daga nan aka gane jinin ɗan Adam rukuni-rukuni ne.

Rukunin guda 4 ne, kuma da haruffan da kuka koya a aji ake rubuta su: A, da B, da AB, da O. Mai A ana ba shi A ko O. Mai B ana ba shi B ko O. Mai AB yana karɓar kowane. Mai O kuwa sai O. Bayan harafin akwai wata alama, ko ta tarawa (+) ko ta ɗebewa (-). Ita ma likita yana duba ta. Shi ya sa ba a ɗaukar jinin ɗan'uwa a zuba wa ɗan'uwa haka kawai. Uwa ɗaya uba ɗaya ma suna iya bambanta. Sai an gwada.

An haifi Landsteiner ran 14 ga watan Yuni. Don tunawa da shi, ranar ce duniya ta keɓe don gode wa masu ba da jini.

LIKITAN JINI NA ZARIYA

Sanin rukunin jini ya sa ƙarin jini ya zama magani. Amma akwai tambayar da ta rage: me ke rage wa mutanenmu jini? Abin da ke damun mutumin Faransa ba shi ke damun manomin Adar ba. Dole a bincika a nan.

Cikin waɗanda suka yi wannan bincike akwai wani likita Bature daga Ingila, sunansa Alan Fleming. Ya yi aiki a babban asibitin Ibadan. Daga baya ya zama shaihin malami na ilimin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a Najeriya. Ya yi shekaru can yana duba marasa lafiya, yana koyar da likitoci, yana bincike. Mutanen da ya bincika Hausawa ne da Fulani, masu noman gero da dawa, masu jiran ruwan sama kamar mu. Abin da aka gano a wurinsu ya shafe mu.

BINCIKEN GARKI: AMOSANIN JINI

Daga shekara ta 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani babban aiki a kan masassarar cizon sauro a ƙauyukan Garki. A lokacin Garki tana cikin jihar Kano, yanzu tana cikin Jigawa. An bi gida-gida, an rubuta sunan kowa, an ɗibi ɗigon jini an auna. Fleming da abokan aikinsa suka duba wannan jini don neman cutar amosanin jini, wadda ake kira sikila. Sun buga abin da suka gano a shekara ta 1979.

Bari mu fara bayyana cutar. Jar ƙwaya mai lafiya tana da faɗi da taushi, tana wucewa ta kowace ƴar jijiya. Ta mai amosanin jini kuwa takan lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta toshe hanya. Sai ciwo mai tsanani ya tashi cikin ƙasusuwa. Jariri hannuwansa da ƙafafunsa su kumbura. Idanu su yi rawaya. Irin wannan ƙwaya ba ta kai kwana 120, cikin kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Don haka kullum jinin yaron ƙasa yake.

Gado ake yin wannan cuta, daga uwa da uba duka biyu. Ba a ɗaukar ta wajen zama da mai ita. Likitoci suna rubuta ta da haruffa biyu. Mai AA ba shi da ita. Mai AS yana ɗauke da irinta, amma lafiyarsa lau. Mai SS shi ne mai cutar. Ku lura, wannan A ɗin dabam yake da A na rukunin jini. Awo biyu ne, kada a haɗa su.

In miji AS ne, mata ma AS ce, ga yadda abin yake. Ku sa tsakuwa 4 cikin ƙwarya: 1 ta AA, 2 na AS, 1 ta SS. Kowane ciki kamar a rufe ido ne a ɗauko tsakuwa ɗaya, sa'an nan a mayar da ita cikin ƙwarya. Ana iya ɗauko ta SS sau biyu a jere. Ana iya haihuwa biyar ba a ɗauko ta ba. Laifin ba na matar ba ne ita kaɗai, ba kuma na mijin ba ne shi kaɗai.

To, me aka gano a Garki? Abu biyu.

Na farko: cikin jarirai 100, guda 24 masu AS ne. Amma cikin waɗanda suka wuce shekara 5, masu AS sun kai 29 cikin 100. Mutum ba ya sauya jininsa. Me ya sa lissafin ya ƙaru? Saboda yara masu AS sun fi tsira daga masassarar cizon sauro. Tun shekara ta 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna haka a gabashin Afirka. Lissafin Garki ya ƙarfafa maganar a ƙasar Hausa. Wannan shi ne dalilin da ya sa irin cutar ya yi yawa a ƙasashen sauro. Amma kada mai AS ya ce ya fi ƙarfin masassara. Shi ma tana kama shi.

Na biyu: cikin jarirai 100, kamar 2 masu SS ne. Amma da aka duba manyan yara da magidanta, da ƙyar aka sami mai SS. Ina suka tafi? Sun rasu tun suna ƙanana, ba wanda ya san abin da ya ɗauke su. Wannan lissafi ya buɗe wa likitoci ido. Cutar tana nan da yawa cikin ƙauyuka, yaran ne ba su daɗewa har a gane ta.

A shekara ta 1982 Fleming ya fitar da littafi a kan wannan cuta don amfanin likitocin da ba su ƙware a ilimin jini ba. Yau mai SS yana girma, ya yi karatu, ya yi aure, in ana kula da shi. A yi masa allurar rigakafi duka. A tsare shi daga sauro. A ba shi ruwa da yawa. A rufe shi lokacin ɗari. A riƙa ba shi maganin da likita ya rubuta. In jikinsa ya yi zafi, a kai shi gidan likita a ranar. A Yamai akwai cibiya ta musamman ta masu wannan cuta. Gidan da ake ta rasa ƙananan yara har ana cewa wabi ne, ya kamata uwa da uba su je a auna jininsu. Saurayi da budurwa kuma su auna tun kafin a kai dukiyar aure.

BINCIKEN ZARIYA: MATA MASU CIKIN FARI

Mace mai ciki tana yi wa mutum biyu jini. In ta zo haihuwa da jini kaɗan, ɗan zubar da wata za ta jure ita sai ya kayar da ita. Fleming da abokan aikinsa suka ce bari su gwada, su ga abin da zai hana haka.

Suka ɗauki mata Hausawa 200 masu cikin fari a Zariya. Ranar awon farko, 45 cikin 100 nasu jininsu ƙasa yake. Aka raba su kashi 5. Kashi na farko ƙwayar da aka ba su ba ta da magani a ciki, ana dai duba su kullum, wadda jininta ya faɗi a fitar da ita daga gwajin a yi mata magani. Kashi na biyu aka ba su maganin hana masassara. Na uku maganin masassara da ƙwayar ƙarfe. Na huɗu maganin masassara da folik asid. Na biyar aka haɗa musu duka. Matan ba su san kashin da suke ciki ba, mai duba su ma bai sani ba, don kada son rai ya shiga lissafi.

An buga sakamakon a shekara ta 1986. Cikin matan da ba su sha maganin masassara ba, 18 cikin 100 jininsu ya faɗi ƙwarai. Cikin waɗanda suka sha, 3 kawai cikin 100. Ku duba: daga 18 zuwa 3. Jariransu ma sun fi nauyi. An kuma ga wani abu: ƴan matan da suka yi ciki tun ba su gama girma ba, da yawansu sun ƙara tsawo suna da cikin, musamman waɗanda suka sami magani da ƙwayoyin ƙarin jini. Wannan ya nuna yarinya mai irin wannan ciki tana raba abincinta biyu, da jikinta da ɗan cikinta.

Darasin shi ne, babban ɓarawon jinin mai cikin fari sauro ne. Mace tana iya ɗauke da ƙwayar masassara ba ta kwanta ba, amma jininta yana ta raguwa.

Maganin da aka fara ba matan Zariya, wato kulorokin, ya daina aiki sosai, don ƙwayar cutar ta saba da shi. An sauya magani, amma darasin yana nan. Yau a wurin awon ciki ana ba mace ƙwayoyin hana masassara ta haɗiye gaban ungozoma, daga wata na huɗu, aƙalla sau 3, da tazarar wata guda tsakani. Ana ba ta ƙwayar ƙarfe da folik asid ta sha kullum. Ana ba ta sange ta riƙa kwana ciki. In ƙwayar ta sa bayan gida ya yi baƙi, ba kome, haka take yi. Kada a sha ta da shayi, don shayi yana hana ƙarfen shiga jiki.

IN JINI YA RIGA YA FAƊI

Akwai wani likita ɗan Najeriya, Kelsey Harrison, mai kula da haihuwa. Ya yi aiki a Ibadan, sa'an nan a Zariya, tare da Fleming. A wancan zamani akwai abin da ke ɗaure wa likitoci kai. Mace ta zo jininta ya faɗi ƙwarai, a ƙara mata jini, maimakon ta farfaɗo sai numfashi ya gagara. Dalili shi ne zuciyarta ta riga ta gaji. Jakin da ya wuni yana tafiya da yunwa, in ka aza masa buhu biyu lokaci ɗaya, durƙushewa zai yi.

Harrison da abokan aikinsa suka gwada wata hanya. A tsiyaye ruwan jinin, a ba ta jajayen ƙwayoyi kawai. A sa shi sannu-sannu. A haɗa da allura mai sa fitsari, don ruwan da ya yi yawa ya fita. Sun buga wannan aiki a shekara ta 1971. Har yau da irin wannan dabara ake aiki. Saboda haka in kun ga jini yana ɗiga sannu-sannu har awa uku ko huɗu, kada ku ce likita yana wasa. Kada kuma wani ya taɓa robar don ta yi sauri.

Daga shekara ta 1976 zuwa 1979 Harrison ya sa aka rubuta labarin haihuwa 22,774 a Zariya, ɗaya bayan ɗaya. Lissafin ya nuna matan da suka fi mutuwa su ne waɗanda ba su je awon ciki ba, aka kawo su a makare. Ya kuma nuna matan da suka yi karatu sun fi tsira. Don haka ya dage a kan cewa karatun mata yana cikin maganin mutuwar haihuwa. Ku mata da ke zuwa aji bayan daka da ɗiban ruwa, wannan magana taku ce.

JINI MAI TSABTA

Bayan Zariya, Fleming ya koma ƙasar Zambiya, daga baya Afirka ta Kudu. Lokacin ne cutar sida ta bazu. Aka gane jinin da ba a auna ba yana iya kai cuta jikin wanda aka so a ceta. A wani rubutu da ya yi a shekara ta 1997, ya lissafa waɗanda suka fi karɓar jini a Afirka: yara masu masassara, mata masu ciki da masu haihuwa, waɗanda suka yi haɗari, da masu amosanin jini. Ya nuna abin da ke tsare su: a nemi masu ba da jini don Allah, ba don kuɗi ba, a auna kowane jini, kada a ƙara wa mutum jini sai in lalle yana bukata.

Yau ƙa'ida ita ce, kafin a ƙara wa mutum jini sai an auna shi don cuta 4: sida, ciwon hanta iri biyu, da tunjere. Me ya sa aka fi son mai bayarwa don Allah? Saboda mai sayar da jininsa yana iya ɓoye ciwonsa don kada kuɗi su wuce shi. Mai bayarwa don Allah ba abin da zai sa ya ɓoye.

YAYA AKE GANE AMFANIN MAI BINCIKE?

Manomi ana ganin aikinsa a rumbu. Mai bincike fa? Shi in ya gano abu, rubutawa yake yi, da lissafinsa, da yadda ya yi. Wasu masana su karanta, su sake gwadawa a wani wuri. In sun tarar gaskiya ne, sai su ambaci sunansa cikin nasu rubutu, su ɗora a kai. Masana suna ƙidaya sau nawa aka ambaci aikin mutum, su ce ya yi tasiri. Fiye da shekara 40 bayan lissafin Garki, masu rubutu a kan amosanin jini a Afirka suna ambatonsa.

Amma akwai ma'auni na biyu, wanda ya fi kusa da mu: shin aikin ya iso ƙauye? Ƙwayar da ungozoma ke miƙa wa mai ciki a Keita, daga irin wannan bincike ta fito, na Zariya da na wasu ƙasashe da yawa. Ba aikin mutum ɗaya ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka kuma maganin rigakafin masassara da ake raba wa yara gida-gida lokacin damana, wata-wata, daga mai wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. An soma shi a Nijar a shekara ta 2013, kuma Madawa da Buza suna cikin wuraren farko. Yaron da bai yi masassara mai tsanani ba, da wuya ya bukaci ƙarin jini.

Ku lura da abu ɗaya. Da ba a rubuta ba, da ba a ƙidaya ba, da duk wannan ya ɓace. Karatu da lissafin da kuke koyo, su ne kayan aikin da waɗannan likitoci suka yi amfani da su.

SAURAN AIKI NAMU NE

Ko an yi rigakafi, wata rana za a bukaci jini. Jini kuwa ba a ƙera shi a masana'anta. Ba a noma shi. Daga jikin mutum kawai yake fitowa. Kun san rumbun tsimi: a zuba hatsi da kaka don a ci da bazara. Ma'ajiyar jini ta asibiti haka take, sai dai hatsi yana shekara, jini kuwa ko cikin firji bai wuce kwana 35 zuwa 42. Dole a riƙa zubawa kullum. Akwai babbar cibiyar ƙarin jini ta ƙasa a Yamai, amma yaron da ke haki a Keita ba zai jira jinin nesa ba, balle in korama ta kawo ta yanke hanya.

Bari mu amsa abin da mutane ke tsoro.

Wani ya ce jininsa zai ƙare. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, cikin lita 5. Ruwan jinin yana komawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Jajayen ƙwayoyi kuma ɓargo yana mayar da su cikin ƴan makonni.

Wani ya ce ƙarfinsa zai tafi, na aiki ko na iyali. Ba haka ba ne. A ranar dai ya sha ruwa da fura, ya ci abinci, kada ya ɗauki kaya mai nauyi. Bayan kwana ɗaya ko biyu ya koma gona.

Wani ya ce zai ɗauki cuta. Allurar da robar sabbi ne, gabanka ake buɗe su, kuma sau ɗaya ake aiki da su.

Wani ya ce in an sa wa mutum jinin wani, zai ɗauki halinsa. Hali ba cikin jini yake ba. Ƙwayoyin da aka ƙara ma cikin ƴan watanni suke ƙarewa, na jikinsa su maye gurbinsu.

Wa ke iya bayarwa? Mai lafiya, wanda ya kai shekara 18, mai nauyin kilo 50 ko fiye. Likita yana fara auna shi. In jininsa bai isa ba, ba za a ɗiba ba. Namiji yana iya bayarwa bayan kowane wata 3, mace bayan wata 4. Mai ciki ba ta bayarwa. In an tambaye ka ciwon da ka taɓa yi, faɗi gaskiya, don ran wani yana hannunka.

ABIN DA ZA MU RIƘE

1. Mai ciki ta je awo da wuri, ta sha ƙwayoyinta, ta haihu a gidan likita.
2. Yara da masu ciki su kwana cikin sange kowane dare.
3. In masu raba maganin damana sun zo, a ba yaro, a cika kwana ukun.
4. Yaro mai masassara a kai shi gidan likita a ranar. A riƙa duba idonsa da tafin hannunsa.
5. A sa ganye da wake cikin abinci. In an sami nama ko hanta, a fara da mai ciki da yara.
6. Mai fitsarin jini ya nemi maganin tsargiya.
7. Kowa ya san rukunin jininsa, ya rubuta shi, ya ajiye takardar.
8. In an nemi jini, mai lafiya ya miƙa hannu.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Ta hanya nawa jini ke raguwa? Ku kawo misalin kowace.
2. Ku rubuta rukunin jini 4 bisa allo.
3. Mata 200 aka raba kashi 5 daidai. Mata nawa ke cikin kowane kashi?
4. In miji AS ne, mata AA ce, za su iya haifar mai SS? Ku yi shawara da malami.
5. A garinku, mutum nawa suka san rukunin jininsu? Wa za a iya tasowa da dare in an nemi jini? Ku rubuta sunayen waɗanda suka yarda, ku kai wa likitan garinku.

Jama'a, nan muka kawo ƙarshen hirar yau. Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.